Kaka Ta Je Neman Mai Jin Bube

Mun tashi da asuba daga Gidan Rumji, ni da kakata, ita a gaba kusa da direba saboda ciwon gwiwa, ni a baya tsakanin buhun albasa da wani dattijo mai gyangyaɗi. Damina ta zo ƙarshe, gero ya fitar da kai, raɓa ta kwanta bisa gonaki har ba a gane inda ƙasa ta tsaya. Kaka ta leƙa ta taga ta ce in mutum ya kanne ido kaɗan, sai ya rantse teku ne. Ban taɓa ganin teku ba, don haka na yarda.

Kaka ba Bahaushiya ba ce, ko da yake ta fi ni iya zagi da Gobiranci. An haife ta a wani tsibiri da tsofaffi ke kira Fanandafo, yanzu kuma Biyoko, can cikin teku daura da Kamaru. Mutanenta su ne Bubi, harshensu Bube. Kakana ya je can fataucin kayan koli wajen masu aikin gonar koko, ya aure ta, da ƙasar ta rikice ya sako ta jirgin ruwa suka taho. Shekara hamsin ke nan ba ta ji Bube daga bakin kowa ba. Shi kansa marigayin gaisuwa kawai ya iya, ita ma, in ji Kaka, a karkace.

Wani mai sayen aya ne ya kawo labari ranar kasuwa, cewa a wani ƙauye gaba da Gazawa akwai tsohuwar da aka kawo daga tsibirin nan. Tun ranar Kaka ta hana ni sakat. Da na fara kawo uzurin aikin lakol, makarantar da nake koyarwa, sai ta daina wasan da muka saba, ta ce, "Angona, ni kaɗai nika magana da kaina. Ban sani ba ko abin da ke cikin kaina har yanzu Bube ne, ko ni na ƙaga shi. Ina son in ji shi a bakin wani kahin in mutu." Ban sake kawo uzuri ba.

Mun wuce Tibiri rana na ɓullowa. A tashar Maradi muka sauya mota, muka karya da kunu da ƙosai. Mai ƙosan ta ba mu huɗu na dala ashirin, ƙanana ƙwarai, Kaka ta ɗaga ɗaya ta tambaye ta ko maganin asibiti ne. Ta yi dariya ta ƙara mana biyu.

A motar Agiye Allah ya haɗa mu da wani ɗan kasuwa da ya daɗe a Kwango. Da ya ji inda za mu, ya gyara zama ya ce ai shi ya iya Lingala, kuma harsunan can duk dangi ne. A nan ya yi gaskiya, don ni ma na karanta cewa Bube ɗaya ne daga harsunan Bantu, tushensu guda da su Lingala da Duwala da Suwahili. Ya zuba wa Kaka zance mai tsawo, ta saurara da bakinta a buɗe, ba ta kama komai ba. Sai ya koma ƙirga da yatsu. Da ya kai biyu ta ɗan motsa, da ya kai huɗu ta kama hannunsa ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce kamar ka hangi wani daga nesa da tafiyar ƴan gidanku, ya matso ka ga ba shi ba ne. Ta saki hannun ta juya ga taga har muka kai Cadawa.

Daga nan zuwa Agiye hanya shimfiɗe take, sai ramuka jefi-jefi da direba ya sani kamar ƴaƴansa. Gawo ya cika gonaki, tsirara ba ganye alhali komai kore ne kewaye da shi. Mata na tonon aya a duƙe, Fulani na kora shanu ta burtali. Barci ya riƙa ɗaukata yana sakina, ina ganin gonakin na tashi suna sauka, motarmu na iyo a kansu. Jandarma ne ya tashe ni a shinge, ya duba takardata, ya gaida Kaka, ya ce mu wuce.

A Gazawa muka yi azahar, muka sha fura da nono mai sanyi wajen wata Bafillatana, sannan muka hau amalanken jaki, don Kaka ta ce ko a mafarki ba za ta hau babur ba. Yashi ne zalla tsakanin itatuwan goriba. Jakin ba ya sauri, mai shi ma ba ya sauri. Kaka na ta motsa baki ba sauti, ashe gaisuwa take bita.

Ƴar tsohuwar ce ta tarbe mu, mace mai kamar shekarun mahaifiyata. Ta ba mu ruwa, ta ji abin da ya kawo mu, sai fuskarta ta canza. "Wayyo Inna, kun sha hanya," in ji ta. "Ai shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya mutu. Ba ta magana, ba ta gane mi ake cewa. Sai dai mu ba ta kunu mu juya ta." Ta ƙara da cewa uwarta daga kudancin tsibirin take, abin da ta sani ke nan. Kaka kuwa daga arewacinsa take.

Na kawo tsohuwa tun daga Gobir don ta ji harshenta, ga shi bakin da zai faɗa ya rufe.

Kaka ta shiga ɗakin, ni na tsaya bakin ƙofa. Tsohuwar na kwance bisa tabarma, ƙarama, idonta na kan rufi. Kaka ta zauna ta yi gaisuwar da ta bita. Shiru. Ta ci gaba, murya na hawa tana sauka kamar waƙa, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka da harshen ba. Idon bai motsa ba. Na ga kafaɗun Kaka sun sauka, na san abin da take tunani, cewa abin nata ba Bube ba ne.

Ta dafa ƙasa za ta tashi, sai ta jefa wata gajeriyar magana cikin fushi. Hannun tsohuwar mai lafiya ya tashi ya make ta a cinya. Sannan wani sauti ya fito daga ƙirjinta, muka tsorata, ashe dariya ce. Ƴarta ta saki kwanon da ke hannunta. Daga baya Kaka ta gaya mini abin da ta ce: ku mutanen kudu dama ruwan sama ya jiƙa muku kunne.

Ashe Hausa ce ciwon ya ɗauke mata, Bube na nan. Har la'asar sakaliya suna tare. Kaka na tambaya, tsohuwar na matsa hannunta in eh ne. Ta haka ƴarta ta san cewa kunun tsamiya ya ishe ta, kuma tana so a fitar da ita tsakar gida in hadari ya haɗu. Matar na kuka tana cewa, "Inna, ki ce ta yahe mamu, mun ɗauka ba ta nan." Kaka ta faɗa. Hannun ya matsa.

Mun kwana can, washegari muka kamo hanya, muka iso Gidan Rumji gab da magariba. Tafiyar ta koya mini cewa mutum na iya zama cikin jikokinsa, ana ƙaunarsa, ana ba shi tuwo da zafinsa, alhali akwai ɗaki guda a cikinsa da ba wanda ya taɓa yi wa sallama. Na ji kunya, ni da nake koya wa ƴaƴan mutane Faransanci.

Da na ajiye mata kayanta na ce, "To Kaka, yanzu kin tabbata Bube ne."

"Bube ne," in ji ta. "Ita ta ji. Ni dai har yanzu ban ji ba."

Ta nuna mini tabarma, ta faɗi kalma ɗaya ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce kaicon lakol, ko kakana bai ɓata ta haka ba. Sannan ta jingina da bango, ta rufe ido.

"Sake faɗi," in ji ta.