Ranar da soja ya tausaya mini a bakin kogi

"Mene ne wannan?" in ji sojan da ke bincike a bakin kogin Gaya, yana jujjuya wani ɗan koren allo da ya zaro daga jakata.

Tunda aka rufe gada, sai da na hau kwale-kwale zuwa Malanbil na karɓo shi. Kart ne na tsohuwar ordinatar marigayi Baba, wato kwamfutarsa; in babu shi ba ta karanta disket, faifan ajiyar bayanai na da. To amma a zamanin nan, wa zai yi wa mai bindiga bayanin abu mai wayoyi?

Na ce, "Shef, na karanta disket ne."

"Disket ɗin, hoto nawa yake ɗauka?"

"Wallahi ko ɗaya na wayarka ba zai shiga ba."

Ya dube ni sama da ƙasa, wandona a jiƙe har gwiwa.

"Saboda wannan ka shiga ruwa da furfurarka? Wuce, dattijo. Ko na tsare ka, ba zan wahalar da kai kamar yadda kake wahalar da kanka ba."

A gida na goge tsatsa, na yi ta sauya wa ƴan hulunan robar kart ɗin wuri, wato ƴan ƙananan murafen da ake sauya saitinsa da su, har ordinatar ta amince da shi. Sai ga gurnanin nan, kurr-kurr, wanda na saba ji a shagon Baba ina yaro. Na zauna ina share ido.

Soja ya faɗi gaskiya, amma gobe ma zan tsallaka. Ku fa, wane tarkace ne kuka kasa rabuwa da shi?