Baƙin da Ba Sa Rage Abinci

Saloma ta Rikoto, wadda kowa ke kira Maman Joel, mace ce da ba ta taɓa yarda akwai ƙosasshe a duniya ba. A Dabai aka haife ta, gidan manoma, inda ake auna mutuncin mace da nauyin ƙwaryar da ta dire wa baƙo. Uwarta ta koya mata ƙa'ida guda, ita ta riƙe har furfura: baƙon da ya suɗe kwano bai ƙoshi ba, kunya ce ta rufe masa baki. Sai a ƙara masa, a sake ƙarawa, har ya bar loma a gefe ya janye hannu. Wannan ragowar ce shaidar mai gida ya fita kunya.

Da wannan ƙa'ida ta bi mijinta Japhet barikin soja, daga Kaduna zuwa Jos, daga Jos zuwa Legas, tana cika cikin 'ya'yan maƙwabta. Da ya yi ritaya suka dawo Zuru, ya ɗan yi noma, Ubangiji ya kira shi. Ita kuwa tukunyarta ba ta san an yi rashi ba. Fasto ma, ranar da cikinsa ba daɗi, ta bayan layi yake zagayawa, don ya san in ya gaishe ta sai ya ci.

Autanta Joel ya bi sawun ubansa ya sa kaki. A shekara ta dubu biyu da biyar ya sauka daga motar Legas rungume da wani akwatin gilashi naɗe cikin bargo, da leda cike da ruwa a hannu. Ya wanke akwatin, ya cika, ya juye ledar. Sai ga kifaye huɗu jajaye, ko wanne bai wuce yatsa ba, suna jan wutsiya kamar amaren da aka yi wa ɗinki ya yi yawa.

Saloma ta duƙa ta dube su. Ta ce, "Waɗannan ko ɗanɗanon miya ba za su canza ba."

Ya ce, "Ba na ci ba ne, Mama. Na kallo ne."

"Kaji ma kallonsu muke yi, amma ranar Kirsimeti kallon yakan ƙare."

Sai da ya ci ya rage sannan ya faɗa mata: bataliyarsu za ta tafi Darfur, kuma a bariki ba wanda zai iya bar wa kifayen. Ya miƙa mata wani gwangwani mai abinci kamar dussa a ciki, ya ce, "Ki riƙa barbaɗa musu kaɗan."

Yaron nan ya yi makaranta, ya riƙe bindiga, amma bai san ba a ce wa uwarsa "kaɗan" ba. Kaɗan ɗin Saloma shi ke sa ƙato ya sassauta mazugi.

Ta ce, "Yadda ka bar su, haka za ka same su." Shi ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ba ta gaya wa kowa ba, har Fasto, amma daga ranar da motarsa ta tashi ta ƙulla abu a ranta: muddin kifayen nan na motsi a ɗakinta, shi ma yana motsi can inda yake.

Gwangwanin da ya ce zai kai shi dawowa, kafin wata ya mutu an ga ƙasansa. Ta zagaye kasuwar Zuru tana nuna wa masu shago, kowa ya juya shi ya miƙo mata. Wani ya tambaye ta ko na jarirai ne. Ta dawo gida ta ce ai ba a gidanta baƙo zai kwana da yunwa don gwangwani ya ƙare ba. Ta murmusa musu tuwon dawa. Suka cinye, suka taso saman ruwa baki buɗe. Ta ƙara ƙuli-ƙuli. Suka cinye, baki buɗe. Ta ƙara dafaffiyar doya, ta ƙara burodi, sai da ta ga ragowa ta kwanta a ƙasan gilashi sannan ta miƙe ta karkaɗe hannu.

"Yauwa. Da kun faɗa tun farko."

Ruwan ya soma komawa kamar kunu. Wata safiya ta tarar da ɗaya ya juya ciki sama. Ta tsaya a kansa har shayinta ya huce. Ba ta ba kyanwa ba. Ƙarƙashin gwaiba ta haƙa rami ta rufe shi. Sai ta yi lissafi irin nata: sauran sun fi shi ƙarfi, sun hana shi ci. Ta ƙara hannu. In rediyo ya ambaci Darfur, ko labarin bai shafi sojojinmu ba, sai ta tashi ta sake barbaɗawa. Na biyu ya bi na farko.

Ngozika, mai shagon kayan miyar kudu a bakin layi, ita ta lura Maman Joel ta daina tsayawa yi mata tsiya kan tsadar manja. Ta rufe shago ta shigo. Tun daga ƙofar ɗaki ta toshe hanci.

"Mama Joel, burkutu kake dafawa a nan?"

"Shekara nawa kina garin nan har yau ba ki san mace ba? Kike, ba kake ba."

"To, kike. Wane ne ya zuba tuwo cikin ruwan kifi?"

"Wa zai zuba? Suna gidana, suna buɗe mini baki."

Ngozika ta zauna bakin gado. A gidan kawunta ta tashi a Onitsha, kuma wankin irin wannan akwati aikinta ne tana yarinya. Ta ce kifi buɗe baki numfashinsa ne, ba roƙo ba. Ta ce ba ya ƙoshi, ba ya jin kunya, in an ba shi buhu zai ci har ya fashe. Abin da ya rage kuma shi ke ruɓewa ya kashe ruwan, ruwan ya kashe shi.

"Abin da za su cinye kafin ki gama addu'ar cin abinci, shi ke nan. In ya rage, kin yi yawa."

Saloma ta ce, "Wato in sun suɗe kwano, in tashi in bar su?"

"Ki tashi ki bar su."

"A garinku haka kuke yi wa baƙo?"

"A garinmu baƙo ba ya zama cikin miyarsa, Mama."

Saloma ta dubi biyun da suka rage suna lilo a gurɓataccen ruwa, ta dubi hannunta. Can ta ce a hankali, "Ashe ni ce." Ngozika ta tashi ta ɗauko bokiti.

Suka kwashe ruwan rabi-rabi, suna mayar da na rijiya wanda ya kwana a randa. Ngozika ta kawo busasshen jatan landen da suke dakawa a miya, aka niƙe shi lilis. Ta ce a riƙa haɗawa da ɗan dafaffen zogale, wani lokaci ɗigon gwaiduwar ƙwai, in damina ta faɗi kuma a samo musu gara. Duk da haka na uku bai tsira ba, cutar ta riga ta shige shi. Saura ɗaya, mafi ƙanƙanta, mai baƙin tabo a wutsiya.

Matar da ta haifi shida, ta binne miji, ta ce ba ta taɓa aiki mai wuyar wannan ba. Za ta ɗebo da yatsu biyu, ta dube shi, ta ga abin kunya ne, ta mayar da rabi, ta zuba. Kifin ya cinye ya taso baki buɗe, yana kallonta. Sai ta ce, "Ka yi haƙuri, ba rowa ba ce," ta juya masa baya ta fita tsakar gida. Ranar da zuciyarta ta ƙi, da tsohon zanen zumuntar matan coci take rufe gilashin don kada su haɗa ido. Abincin da ta hana shi kuwa, yaran layi suka sha wahalarsa. Sai da uwayensu suka zo roƙon ta sassauta.

Ruwa ya washe. Kifin ya yi ja, ya yi faɗi, har ya san takunta.

Joel ya dawo bayan an girbe dawa, ya yi baƙi, wuya ya fito. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Sannan, tun bai cire takalmi ba, ta ja shi ɗaki ta tsayar da shi gaban gilashin.

"Huɗu ka bar mini. Ga abin da na iya."

Ya duƙa yana murmushi. "Mama, ni fa na ɗauka tun makon farko kin soye su."

"Rufe mini baki."

Ya ce in hutunsa ya ƙare zai tafi da kifin bariki, ya ɗauke mata wahala. Ya ga ƙoƙon garin jatan lande a gefe, ya cusa hannu ya ɗebo zai zuba. Ta buge masa hannu, garin ya watse a ƙasa.

"Kashe mini shi za ka yi? Ya ci da safe." Ta janye ƙoƙon ta ɗora can saman kabad. "Ba inda za shi. Kai ba ka san cinsa ba."