Ranar da Bakin Ɗan Asabe Ya Riga Shi

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Talata Mafara ya san Ɗan Asabe mahauci, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne, ga tumbi kamar ya haɗiye tulu, ga wushirya da ba ta rufuwa. Tun yana bin mahaifinsa mayanka bakinsa ya fi wuƙarsa aiki. Mace ta zo sayen tsoka sai ta tafi da ƙashi tana dariya, sai ta isa gida ta fara tsine masa. Kuma shi da ake roƙonsa gyara kullum, ya mai da abin wasansa. Ka ba shi goro, ka ba shi hannu, ko liman ya yi masa addu'a, sai ya karkace kai ya ce, "To, ba gyara?"

Ƙanensa Hamidu shi ne mai shiru. Shi ke yawon ƙauyuka sayo shanu, Damri yau, Garbadu gobe, ya kawo wa yayansa ya yanka. A hanyar Maradun 'yan bindiga suka tare motarsu bara da kaka. Hamidu bai dawo da ƙafarsa ba. Ya bar matarsa Safara'u da yara ƙanana, ya bar tsohuwarsu Inna Taiba, wadda tun ranar ba a sake jin ta ɗaga murya ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa gwamnati za ta raba diyya ga iyalan waɗanda aka kashe. Safara'u tana takaba, ba ta fita. Ɗan Asabe ya je ya durƙusa ƙofar ɗakin Inna ya faɗa mata.

"Diyya?" in ji tsohuwa. "Wa ya aiko ta, su da suka harbe shi?"

"Gwamnati ce, Inna."

"Ni abin da na tashi na iske, wanda ya karɓi diyya ya yafe jini ke nan. Ni ban yafe ba. Mu da su sai gaban Allah. Kada ka tafi."

Ya ce to. Amma shi ke auna wa gidan Hamidu hatsi, ya kuma san gindin buhun ya fara bayyana. Tunda babu mai sayo masa shanu, wani lokaci akuya ɗaya yake ratayewa a rumfa kamar mai wasan yara. Ranar rabo ya ce wa Inna zai je ɗaurin aure Bakura. Ya ari babbar riga wajen Sarkin Fawa, wadda ta yi masa tsawo har tana share ƙasa, ya nufi sakatariya.

An cika ɗakin taro da mutanen da ba su son kallon juna: tsofaffi daga Maradun, mata lulluɓe daga Damri, kowa da nasa mamacin. Aka yi jawabi, aka yi addu'a. Wani babba da ya zo daga Gusau ya tsaya gaban tarin buhunan shinkafa yana miƙa ambulan, masu ɗaukar hoto na ta haska shi. Ɗan Asabe yana zaune gumi na bin bayansa. Bai taɓa tsayawa gaban manya haka ba, ga rigar aro, ga ƙaryar da ya yi wa uwarsa.

Aka kira sunan Hamidu. Ɗan Asabe ya tashi, ya taka gefen rigar, ya yi tangaɗi, ya isa. Babban nan ya riƙe hannunsa ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, ya ɗora masa ambulan a tafi. Ɗan Asabe ya rantse mana daga baya cewa amin ya yi niyyar faɗa. Amma kai ya karkace da kansa, wushirya ta buɗe, baki ya yi abin da ya saba.

"Ranka ya daɗe, ba gyara?"

'Yan rakiyar babban suka fashe da dariya. Gefen masu makoki kuwa ko tari ba a yi ba. Wani dattijo da aka kashe wa 'ya'ya biyu ya dube shi, ya sunkuyar da kai, kamar shi ya yi abin kunyar.

Kafin mai keken kurkura ya sauke masa buhun shinkafar da aka ba shi a gidan abokinsa, inda ya so ya ɓoye shi, bidiyon ya riga shi shiga gari. Mahauta suka samu na yi. "Ɗan Asabe, da wace ƙafar Hamidu za a yi maka gyaran?" Da can shi ke rama irin wannan ninki biyu. Ranar ya rufe rumfa tun kafin la'asar.

Bushra maƙwabciyarsu, wadda ba ta iya riƙe labari ko na minti ɗaya, ita ta kai wa Inna waya har kan tabarma. Tsohuwa ta saurara, ta ce a sake kunnawa, ta sake saurara. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sauke labulen ƙofarta.

Tun daga nan kullum da safe Ɗan Asabe yakan zo ya durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

Shiru. Ya aiko da hanta, abin da ta fi so, aka mayar masa da kwanon a rufe. Ya roƙi Malam Ishaku limamin unguwa ya shiga ya yi mata bayani cewa wannan ba diyyar shari'a ba ce, tallafi ne ga marayu, haƙƙin jinin ɗanta na nan bai motsa ba. Ta ce ta ji, a kai wa Safara'u kayan da ambulan ɗin, yara su ci. Amma zancen Ɗan Asabe, ta ce malam ya bar shi.

Mutumin ya rame, har tumbin ya sauka. Mata a kasuwa suka fara ƙorafi, wai nama ya yi kyau amma sayensa ba daɗi, kamar kana ciniki da bango.

Sai wata safiya, bayan Safara'u ta fita takaba, ya gaishe ta kamar kullum, har ya dafa ƙasa zai tashi, murya ta fito daga bayan labule.

"Kai, wanga marar kunya."

"Na'am, Inna."

"Can wurin manyan naka, sun faɗi sunansa? Ko dai a dunƙule suka ce mutanen da aka kashe?"

"Sun faɗa, Inna. Hamidu Umar, Talata Mafara. Da lasifika, kowa ya ji."

"Har da sunan ubanku?"

"Har da shi."

 Yana jin ƙarar carbinta, shi kuwa idonsa na kan takalmansa, yana taune leɓe don kada bakin ya sake yi masa wani aikin.

"To ka shigo ka faɗa mini yadda aka yi tun daga farko," in ji ta. "Amma inda ka buɗe baki, ka tsallake. Wannan na ji shi ya ishe ni."

Ya cire takalmi, ya ɗaga labulen.