Katin da Mainasara Ya Wanke

Duk wanda ya zauna a Daura a shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, lokacin da kowane akawu ya hau babur, kowane zaure ya sami rediyo, zai tuna ɗan ɗakin karatun nan mai taga biyu da ke bayan kasuwa. Zai kuma tuna mai tsaronsa, Malam Mainasara. Mutumin Dutsi ne, dogo, mai ɗan doro, goro ya gama rina masa haƙora. Shekara goma sha biyu ya yi yana masinja kafin a danƙa masa makullin ɗakin, kuma Turancinsa duka a kan keke ya tsinto shi, daga bayan ambulan. Sunan littafi yana iya karantawa, in an shiga ciki kuwa sai dai a yi masa haƙuri.

Wannan bai taɓa damunsa ba, don yana da dabararsa. Kanta biyar gare shi: ta addini, ta tarihi, ta noma da kiwo, ta waƙa, sai ta biyar da yake kira tarkace. In sabon littafi ya zo, sai ya duba bayansa, ya nemo kalma ɗaya da ya sani, ya kai shi kantar da ta dace. Kowane littafi yana da ɗan aljihun takarda a bangon baya, da kati a ciki. Wanda duk ya ara, Mainasara zai tsoma alƙalami a tawada ya rubuta sunansa a katin da kyakkyawan hannu. Da wannan katin yake taƙama fiye da komai, yana cewa ko shekara goma aka yi, shi zai faɗa maka wanda ya taɓa kowane littafi.

A shekarar 1976 wani Bature malamin makaranta ya gama wa'adinsa, ya bar wa ɗakin kwali uku na littattafai. Abin sai ka ce kayan ɗan koli. Ga waƙoƙin ban dariya masu zanen mutane da dogon hanci, ga na kiwon zuma, ga na jiragen ƙasa, ga na gyaran agogo. A ƙasan kwali na uku akwai wani mai shuɗin bango, ba hoto ko ɗaya. Mainasara ya ga kalmar da ya san tana nufin tarihi, ya ga sunan Ingila, ya buga masa hatimi ya jera shi kusa da littafin sarakunansu.

Mutum ɗaya ne ya taɓa aronsa. Jafaru, malamin allurar shanu, ɗan garin Baure, mai shekara talatin da 'yan kai, wanda ba a jin muryarsa sai a wajen gaisuwa. Aikinsa duka a kan yarda yake tafiya, don makiyayi ba ya barin wanda ake zarginsa da wani abu ya taɓa masa saniya. Sau huɗu ya ɗauki littafin a cikin wata shida, kullum tare da na waƙoƙin ban dariya, wanda yake ɗorawa a sama.

"Kai da tarihin Ingilan nan, Jafaru, ko sarautarsu za ka nema?" in ji Mainasara a karo na huɗu.

Jafaru ya yi murmushi kawai, ya sa littattafan a jaka.

Ran wata Laraba da hantsi abin ya fashe. Malam Harisu, malamin firamare da ya dawo daga kwas kwanan nan yana jin Turanci har wuya, ya taso daga kantar tarihi da shuɗin littafin a buɗe.

"Baba Mainasara, ka san abin da ka ajiye wa mutane nan?"

"Tarihi ne."

"Tarihin 'yan luwaɗi ne! Na Ingila! A garin nan, a inda 'ya'yan Musulmi ke shigowa!"

Mainasara ya miƙe tsaye. Harisu bai jira ba, ya hau karantawa yana fassarawa da ƙarfi don ya nuna girman ɓarnar. Sai dai abin da ya faɗa a kai ba batsa ba ne. Labarin wani akawu ne da aka sami wasiƙunsa, aka karanta su a gaban alƙali, aka buga sunansa a jarida, aka kore shi daga aiki, mahaifiyarsa ta bar garinsu don kunya. Ya juya shafi, wani ne kuma, da aka ɗaure saboda an ga sunansa a takardar wani. Harisu yana karantawa yana tsaki. Mainasara kuwa ba ya jin komai sai abu ɗaya: duk mutanen nan, suna a kan takarda ne ya kashe su.

"Kawo in gani," ya ce.

Ya karɓa, ya juya bangon baya kamar mai duba hatimi, ya zare katin da yatsa biyu ya sake shi cikin hannun rigarsa. Bai taɓa sata ba a rayuwarsa, ga shi yau ya saci abin da shi ya rubuta. Harisu ya fizge littafin, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya ya juyo.

"Ina katinsa? Wa da wa suka ara?"

"Kati na ɗakin karatu ne, Malam. Ba a nuna wa mai aro."

"To, wanda za ka nuna wa yana zuwa."

Harisu ya hau babur ya tafi kiran jami'in da ke kula da makarantu da ɗakin karatun. Mainasara ya san bai fi rabin awa gare shi ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya yi tunanin ya ce katin ya ɓace, amma ya san za su ce ya rantse, kuma shi ba zai rantse a kan ƙarya ba ko don ɗan cikinsa. Ya yi tunanin matarsa Kande da 'ya'ya biyar, da shekara uku da suka rage masa ya yi ritaya. Ya kuma ji haushin Jafaru, wallahi ya ji, don me bai ari na kiwon zuma ba kamar kowa?

Ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗakin. Ya ɗora katin a tafin hannu, ya zuba ruwa yana murzawa da babban yatsa kamar mai wanke allo. Tawadar ta bi ruwa ta shiga ƙasa. Ya ɗaga katin a rana, ya ga har yanzu ana iya gane harafin farko, ya sake murzawa har takardar ta fara saɓulewa.

Yana dawowa ya tarar da Jafaru tsaye a gaban tebur, ya kawo littafin waƙoƙin ban dariya da ya rage a hannunsa. Daga nesa kuma ga ƙarar mota.

"Ajiye ka tafi," in ji Mainasara.

"Lafiya, Baba?"

"Ka bi ta ƙofar baya. Kada ka ƙara zuwa nan sai na aiko."

Jafaru ya dubi jiƙaƙƙen katin, ya dubi gurbin da ke kantar tarihi. Fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, Mainasara ya daka masa tsawa, ya fita.

Jami'in ya shigo tare da Harisu, da wasu mutum uku da suka biyo don jin kwakwaf. Mainasara ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya miƙa katin.

"Mene ne wannan?"

"Katin ne, ranka ya daɗe. Ni na wanke shi."

"Akwai suna a kai?"

"Akwai."

"Na wa?"

"Na sani, amma ba zan faɗa ba. Littafin ni na jera shi ban san abin da ke ciki ba. Laifin nawa ne."

Jami'in ba mugu ba ne. Ya rage murya, ya ce, "Malam Mainasara, ka gane abin da mutane za su ce in ka yi shiru? Za su ce sunanka ne."

"Na gane, ranka ya daɗe."

Sau uku aka tambaye shi. Kafin azahar an karɓi makullin, an ƙone littafin a bakin titi, an haɗa har da na gyaran agogo don kada a bar ƙafa. Kafin la'asar labari ya kai ƙofar gidan Mainasara, ya riga shi isa.

Abin da jami'in ya faɗa shi aka faɗa. Masu zaman zauren Mainasara suka ragu daga bakwai zuwa ɗaya. Ya koma sayar da goro a faranti a bakin tasha, kuma akwai masu tsallake farantinsa su saya a gaba. Jafaru ya ci gaba da allurar shanunsa, aka ƙara masa girma. In ya zo wucewa ta tasha, sai ya sauya hannun titi, kuma Mainasara bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba.

Kande ce kaɗai ta tsare shi, wata rana tana tankaɗe a tsakar gida.

"Malam, ni na san ba kai ba ne. Amma shi wanda ka rufa wa asirin, abin da ake zargin gaskiya ne? Ka zubar da mutuncinmu ne a kan mai laifi ko marar laifi?"

Mainasara ya ɗago kai ya dube ta.

"Ban sani ba, Kande. Ban tambaye shi ba. Littafi ya ara, ni na ba shi, ni na rubuta sunansa."