Hular da Linux ta zana

"Tsaya! Kar ka taɓa!"

Haka Kawu ya daka mini tsawa a rumfarsa ta ɗinkin hula a Ketare, ina shirin kashe laftof ɗina.

Tun da na sa mata babbar manhajar Linux, ina kunnawa sai hoton allon ya tarwatse, ratsin kore da ɗigon ja su hau juna. Ga shi washegari zan koyar da ita a makarantarmu.

Na ce, "Kawu, lalacewa fa ta yi."

Ya ce, "Lalacewar mi? Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa ganin zane irin wannan ba. Riƙe mini ita haka nan."

Na riƙe, ya kwafe zanen tsaf a bayan kwali. Sai da ya gama na cire manhajar da ke sarrafa hoton, na sa wadda ta dace. Ina sake kunnawa, komai ya fito tar! Na yi ihu har masu wucewa suka juyo.

Yau, bayan sati uku, Kawu ya aiko mini da hular da ya ɗinka da zanen. Wallahi matsalar ta fi kyau a kai!

Ku fa, wace lalacewa ce ta taɓa yi muku rana?