Ƙwayar Wake a Hancin Amarya

Ni yanzu mantuwa ta zama abokiyar zamana, sai in ɗora hula a ka in tashi hankalin gida da nemanta. Amma ranar da ƙwayar wake ta shiga hancin jikata, ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan.

A shekarun da aka fara shari'a ne, lokacin da samarin ƙauyenmu na hanyar Mai'adua suka tashi da tsayar da gemu da ɗage wando. Ɗana na cikinsu. Gemun bai taka kara ya karya ba, amma kullum yana shan taza. Lokacin kaka ne, an baje wake a tsakar gida ana sussuka. Jikar tawa, wadda nake tsokana da amarya, ba ta daɗe da yaye ba, sai ta ga ƙofar hanci a buɗe, ta ga wake a banza, ta haɗa su.

Uwarta ta gani tun da hantsi. To amma 'yar fari ce, ga surukai a gida, kunya ba ta barin uwa ta nuna ta san da yarinyar ma. Haka ta yi ta kai-kawo, sai can ta raɓa kusa da tsohuwar matata, uwar mijinta, tana kallon bango ta ce, "Inna, waccan kamar tana fito."

"Fito kuma? Wa ya koya mata wannan rashin tarbiyya?"

Aka saurara. Lallai kuwa, duk numfashi sai ka ji fiit. Aka kirawo ni, don ni ne likitan gidan, tunda na leƙa elemantare kafin babana ya ga shanu sun fi bukatata. Na saka tabarau, na leƙa, na sanar da jama'a a hukumance cewa wake ne, fari, na bana.

Tsohuwa ta kwance battar tabarta daga bakin zane. "Atishawa ɗaya ce maganinsa."

Ɗana ya shafa gemu. "Inna, malamai fa sun yi magana a kan taba."

"Malaman naka suna ina lokacin da nake goyonka ina shaƙarta? Matsa, ɗan nema!"

Ta zuba garin a tafin hannu ta hura. Iska ta ce ba haka ba. Ni na fara, ɗana ya karɓa, maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta ɗauka, har akuyar da ke turke sai da ta sa baki. Gida ya kaure da atishawa da alhamdu lillahi, babu mai sararin amsa wa wani. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, amarya. Dariya ta kama yi mana, ta ja numfashi, wake ya ƙara gaba.

Maƙwabciya tana share hawaye ta ce a ɗiga ruwan ɗumi ya yi laushi. Aka ɗiga. Mata biyu da suka tsufa suna jiƙa wake don ƙosai, babu wadda ta tuna abin da ruwa ke yi masa. Hanci ya soma tasawa. Dariyar yarinya ta koma kuka, tana buɗe baki tana neman iska. Tsohuwa ta zaro tsinken tsintsiya, taɓawar farko sai ga jini.

A nan ne surukata, wadda tun da aka kawo ta ban taɓa jin muryarta sama da raɗa ba, ta yi tsalle ta fizge yarinyar.

"Ku sakar min 'yata! Wallahi ba mai ƙara taɓa ta!" Ta juya ga mijin. "Kai kuma ka tsaya shafar gemu? Tada babur!"

Tsohuwa ta riƙe haɓa. "La ilaha! 'Yata ta ce? A gabanmu?"

Kafin ta gama salati sun kama hanyar Daura, ni na bi su a motar kasuwa. Malamar asibiti ta sa aka riƙe kan yarinyar, da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ta jawo waken waje. Ya kumbura suntum, saura a kai niƙa. Ta dube mu ta ce da ya zarce ya faɗa hanyar numfashi, da yanzu wani zancen ake yi. Ta tambaye mu wa ya zuba ruwa, wa ya sa tsinke. Na ce ni baƙo ne, rakiya na yi.

To iyaye, ga karatun da na samo, kyauta na ba ku. Yaro mai rarrafe da mai tatata, a raba shi da wake, gyaɗa da duwatsun wuya. In abu ya shiga hanci ko kunne, kada a tsokala, kada a zuba ruwa, kada a tara tsofaffi shawara, a nufi asibiti. Ke kuma uwa, in kin ga abu a jikin ɗanki, faɗe shi da ƙarfi tun da wuri. Surukai za su yi gunaguni su gaji, su ci tuwonki da daddare.