Hannun Anghel Cikin Laka

Shekara arba'in da biyar Anghel Dobrin ya yi yana gina murhun ɗumama ɗaki a ƙauyukan lardin Buzău. A da masu gida ke yin layi a ƙofarsa. Yanzu matasa sun watse zuwa Italiya, gidaje sun zama kufai, fansho kuma ba ya kai shi tsakiyar wata. Shi ya sa 'yarsa ta yi masa rajista a wata manhajar neman aiki da aka ce don tsofaffi aka yi ta.

Don tsofaffi wai! Wanda ya tsara ta bai taɓa kwaɓa laka ba. In mai neman magini ya turo saƙo, sai ka amsa cikin minti goma. Ka makara sau uku, a rufe shafinka. Anghel ya riga ya makara sau biyu, don gilashin waya ba ya jin yatsa mai laka, kafin ya wanke hannu ya lalubo tabarau lokaci ya wuce.

Ran nan yana aiki gidan Paraschiva, tsohuwa 'yar shekara tamanin da ke zaune ita kaɗai, murhunta ya rushe ga sanyi ya ƙarato. Ya kai daidai bakin murhun, inda sai an tallafe tubalin tsakiya da hannu biyu har laka ta kama. Sai waya ta yi ƙara.

"Inna, taimaka ki danna min koren nan."

"Wane kore? Ni da ko kafar allura ba na gani? Da furfurarka ka ɗauko wa kanka jaraba."

"Danna ko'ina mana, don Allah!"

Ta danna, tocilar wayar ta kama.

"Ga shi ta kawo wuta. Ya yi?"

"Ya yi, Inna. Ajiye ta."

Haushi ya turnuƙe shi kamar ya yi kuka. Ya san in ya saki tubalin nan, wata 'yar tsaga za ta ɓuya a ciki, ran da ƙanƙara ta sauka hayaƙi ya cika ɗakin tsohuwa tana barci. Bai saki ba. Ya tsaya a durƙushe, gwiwa na zogi, har laka ta kama.

Sannan ya wanke hannu a bokiti, ya goge a wando, ya sa tabarau.

"Me suka ce?" in ji Paraschiva.

Sai da ya karanta sau biyu kafin ya amsa.

"Sun rufe ni, Inna. Wai ba na kula da masu ba ni aiki."